Na'urar Da Ke Kai Ƙarar Kanta

A wani ƙaramin gari na ƙasar Danmak mai suna Gjern, cikin shekarar 2004, aka jarraba wani al'amari wanda da an ba malaman dauri labarinsa, su da ba sa barin almajiri ya taɓa littafi sai da izini, da sun riƙe baki: aka bar ɗakin karatu a buɗe alhali babu ma'aikaci ko ɗaya a ciki, mai karatu ya buɗe ƙofa da katinsa, ya zaɓi abin da ransa ke so, ya aza a kan na'ura, ita ta rubuta aron, ya kama gabansa.

Asirin abin yana cikin wata 'yar takarda da ake mannawa a bangon kowane littafi, mai ɗauke da ƙwayar lantarki da siririyar waya, wadda ake kira RFID. Ba ta da batir; daga igiyar rediyon da na'urar ke fitarwa take samun ƙarfin faɗin lambar littafin, shi ya sa ko littattafai biyar ka jera, a lokaci guda za a karance su. Ƙasar Singafo ta soma aiki da ita tun 1998, a ɗakin karatu na Bukit Batok.

Amma fa duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera yana da ranar ciwonsa, kuma a nan mas'alar take. Ka ƙaddara wata dattijuwa ta keto sanyin hunturu da jakar littattafai bayan almuru, ta iske takardar rasit ta ƙare, ko akwatin mayar da littafi ya cika ya cije, ko na'urar ta daina jin kundin da sunayen masu aro suke ciki, ga shi babu wanda za ta kai wa kuka. Hakika wannan ɓacin rai ya isa ya raba mutum da ɗakin karatu.

Hikimar da aka yi ita ce haɗa na'urorin da intanet, ta yadda kowace za ta riƙa aika saƙo lokaci-lokaci zuwa allon mai kula, tamkar bara mai zuwa gaisuwa, tana shaida cewa tana nan lafiya, ko takarda ta kusa ƙarewa. In kuwa aka ji ta shiru, to shirun kansa labari ne. Sau da yawa daga nesa ake kashe ta a sake kunnawa, ko a sabunta manhajarta, in kuma lallai sai makaniki ya je, ya riga ya san cutar, ya ɗauko abin gyaran da ya dace. Bayanan da suka taru kuma sukan nuna wace na'ura ce ta fara yawan tuntuɓe, a duba ta tun ba ta kwanta ba.

Sharaɗi guda ne ba zan yarda a sassauta ba. Abin da mutum ke karantawa sirrinsa ne, amana ce a wuyan ma'aikata, saboda haka rahoton lafiyar na'ura kada ya ɗauki sunan mai aro ko na littafinsa. Hukumomin ɗakunan karatunmu kuwa, in sun tashi sayen irin waɗannan na'urori, ina roƙonsu su fara tanadin wuta da intanet da albashin mai gyara kafin su biya kuɗin na'urar.