HATTARA DA BAUTAR ZAMANI: Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Da Masu Ɗaukar Ma'aikata

Tun shekarar 1901 aka kafa doka a Arewacin Nijeriya wadda ta hana saye da sayar da bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga ran 1 ga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. A 1936 aka soke bauta ɗungum. Saboda haka mutane da yawa suna zaton maganar bauta ta zama labarin kakanni. To, ba haka abin yake ba. Kasuwar bayi ta watse, amma har yanzu akwai mutanen da ake sa su aiki tilas, ba su da ikon bari, kuma ba su cin guminsu. Wannan shi ake kira bautar zamani.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 28 ne suke aikin tilas a duniya. Mafi yawansu kuwa ba a hannun gwamnatoci suke ba, suna gonaki ne da ma'aikatu da gidajen mutane. Watau abin ya shafi ciniki, don haka ya shafi kowane ɗan kasuwa.

HANYAR DA BUHU YAKE BI

Mu ɗauki misali da Gombe. Tun da aka kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963, garin ya zama matattarar amfanin gona. A yau wake da masara da riɗi suna shigowa kasuwar Tudun Hatsi daga ƙauyuka, manyan motoci suna kwasa zuwa Kano da Ikko, wani riɗin ma har ya ƙetare teku zuwa Japan ko Turkiyya.

Kafin buhu ɗaya ya kai hannun attajiri, ya bi ta hannuwa masu yawa: mai gona, da 'yan barema da suka yi noma da girbi, da matan da suka yi sussuka da shiƙa, da dillali, da 'yan dako, da direba da yaron mota. Attajiri ya san dillalinsa, amma da wuya ya san wanda ya roro waken. Nan ne zalunci yake samun maɓoya, gama wanda ba a gani ba, ba a tambayar hakkinsa.

INA BAMBANCIN ƘWADAGO DA BAUTA?

Kada a fahimci wannan jawabi a karkace. Barema da dako da aikatau duk sana'o'i ne na halal, yaro kuma ya taya iyayensa aiki mara nauyi a gona ba laifi ba ne. Ƙwadago shi ne mutum ya zo da yardarsa, a yi tsada, a biya shi, in ya ga dama ya tafi. Abin yakan koma bauta idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu:

1. An yaudari mutum game da irin aikin, ko wurin, ko yawan ladan.
2. An ɗora masa bashin kuɗin mota da na abinci, kullum yana aiki bashin yana ƙaruwa.
3. An riƙe ladansa don kada ya tafi, ko kuwa wani ne dabam yake karɓa.
4. An ƙwace fasfonsa ko katin shaidarsa ko wayarsa.
5. An kulle shi, ko ana razana shi da duka ko da ɗauri.
6. An raba ƙaramin yaro da gida da makaranta, an sa shi aikin da ya fi ƙarfinsa.

Safarar mutane kuwa ita ce a ɗebo mutum ta hanyar yaudara ko tilas, a kai shi inda za a ci da guminsa. Ba lalle sai an ƙetare iyaka ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye zuwa birni aikatau, wata mata tana amshe kuɗinta duk wata, ita ma safararta aka yi, daidai da saurayin da aka bi da shi ta Agadas zuwa Libiya da alkawarin aiki.

ABIN DA DOKA TA CE

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana bautar da kowa ko sa shi aikin tilas. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3. Ta kuma hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, da sa wanda bai kai 16 ba aiki a ramin haƙar ma'adinai ko a kan inji.

A 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Hana Safarar Mutane, watau NAPTIP, aka kuma sabunta dokarta a 2015. Bisa ga wannan doka, duk wanda ya sa mutum aikin tilas, ko ya bari aka yi haka a wurinsa, zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba da tarar da ba ta gaza N1,000,000 ba. Wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, ɗaurinsa daga wata 6 ne zuwa shekara 7. Idan kamfani ne aka samu da laifi, za a ci shi tarar N10,000,000, kotu kuma tana iya rufe shi.

Bugu da ƙari, masu sayen kayanmu a ƙasashen waje sun fara tambaya. Tun 2015 Ingila ta wajabta wa manyan kamfanoni su bayyana kowace shekara matakan da suke ɗauka don kada bauta ta shiga kayansu. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana shigar da duk kayan da aka yi da aikin tilas. Ashe ke nan wanda ya yi sakaci, kasuwarsa ce zai rasa.

ME YA KAMATA ƊAN KASUWA YA YI?

Na farko, ya san inda kayansa suke fitowa. Ya tambayi dillali gonar wa aka sayo, su wa suka yi aikin, an kuwa biya su. In da hali ya taka da ƙafarsa lokacin kaka, domin gani ya kori ji.

Na biyu, ya biya kowane ma'aikaci hannu da hannu ko ta asusunsa na banki, ya kuma ajiye littafin suna da shekaru da lada. Kada ya danƙa kuɗin mutum goma a hannun wanda ya kawo su.

Na uku, kada ya yi hulɗa da mai samo ma'aikata wanda ba shi da lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kada kuma ya riƙe takardun kowa.

Na huɗu, ya yi hattara da arahar da ta wuce misali. Araha ba ta ado. In dillali ya kawo kaya a farashin da bai isa biyan lebura ba, lalle akwai wanda aka danne.

Na biyar, idan ya gano ɓarna, kada ya kori waɗanda aka zalunta ya yi shiru, gama wani wurin za a sake kai su. Ya sa a biya su hakkinsu, sa'an nan ya kai rahoto.

KIRA GA JAMA'A

Iyaye, kada ku ba da ɗanku ga wanda ba ku san inda zai kai shi ba, kome daɗin bakinsa. Shugabannin kasuwa da na tashar mota, ku lura da motar da ta ciko da ƙananan yara ba tare da iyayensu ba. Masu unguwa da dagatai da malamai, ku riƙa faɗakar da mutanenku. Duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai ya sanar da ofishin NAPTIP mafi kusa, ko ofishin ƙwadago, ko 'yan sanda.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya daure ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.