In Lasifikar Masallaci Ta Yi Shiru, A Fara Duba Waya

Duk mazaunin zango, ko a Nima ta Ankara ko Kumasi ko Tamale, ya san ba kowane masallacin unguwa ne ke da ƙarfin sayen amfilifaya 'yar kanti ba. Sau da yawa samarinmu masu gyaran rediyo ne ke haɗa ta da hannunsu, da kuɗin da jama'a suka yi karo-karo. To, ranar da ladan ya ɗauki makirfo aka ji shiru, nan da nan sai a ɗora wa yaron laifi, a soma maganar sabon karo-karo. Mu kuwa abin da muka sha gani shi ne, galibi laifin yana ga waya da yadda aka jona lasifikoki.

Kafin a taɓa komai, a cire na'urar daga wuta. Wutar gidajenmu a nan Gana bolt 230 ce, kuma manyan kwandensoshin da ke ciki suna riƙe caji ko bayan an kashe. Wanda bai san kan aikin ba kada ya buɗe akwatin.

Daga nan sai a fara da lasifika. A kwance wayoyinta biyu daga amfilifaya, a ɗan taɓa su a batirin tocila mai bolt 1.5. In ta yi "ƙas", tana da rai. In ba ta yi ba, a sake gwadawa a gindinta, domin sau da yawa doguwar wayar da ta hau rufi ce ta tsinke, ko ruwan damina ya sa mahaɗar da aka murɗe aka naɗe da leda ta yi tsatsa. Irin wannan mahaɗa dalma take so. Mai mita ya auna: lasifika mai om 8 takan nuna wajen 6 ko 7.

In lasifika lafiya take, a mayar da ita, a kunna, a rage murya, a sa yatsa a bakin wayar da ke shigar da sauti. In an ji gurnani, amfilifaya na aiki, sai a koma kan makirfo da wayarsa.

Babbar ɓarna kuwa takan zo gab da azumi, lokacin da ake son tafsiri ya kai ƙarshen unguwa, sai a yi ta ƙara lasifikoki a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi. Biyu masu om 8 in an jona su haka sun koma om 4, huɗu kuwa om 2. Duk sa'ad da om ya ragu, wutar da ake ja tana ƙaruwa. TDA2030 da samarinmu ke yawan amfani da shi, wat 14 yake bayarwa a kan om 4, kuma yakan kashe kansa in ya yi zafi ainun. Shi ya sa malam na tsakiyar karatu sai murya ta ɗauke, ta dawo bayan ya huce. Maganinsa, a jera biyu-biyu, wutsiyar ɗaya a kan ta biye, kowace jera ta ba da om 16, sannan a haɗa jeri biyun a baki ɗaya, sai a dawo om 8. A kula kada a juya ja da baƙi a wata, domin in ɗaya na turawa ɗaya na ja, sauti yakan raunana.

Sauran ƙananan cututtuka ma kowace da alamarta. Gurnani marar yankewa yakan zo in wayar makirfo ba ta da rigar kariya, ko ta bi jikin wayar lantarki, ko kwandensa ta bushe. Ƙaraf-ƙaraf in an murɗa maɓallin murya, ƙurar hunturu ce ta shiga. Ihu mai tsinin nan kuwa, makirfo ne ke fuskantar lasifika.

Muna kira ga kwamitocin masallatai da su kira wanda ya haɗa na'urar kafin a ƙara ko da lasifika ɗaya. Kuɗin jama'a amana ne, sunan yaron kuma shi ne jarinsa. Allah ya sa mu dace, amin.