Ruwan Tibiri: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Ƙarawa

Tun da Nijar ta karɓe harkar ruwan famfo daga hannun kamfanin Faransa na Veolia a ƙarshen 2023 ta miƙa wa kamfanin gwamnati na NDE, tsohon zancen cutar da ta nakasa yaran Tibirin Gobir ya sake tashi, gaskiya da ƙarya a cakuɗe.

Cutar dai gaskiya ce. Daga 1985 mutanen Tibiri, a yankin Gidan Rumji, suka yi ta shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai sinadarin fuloraid fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyaka a miligiram 1.5 cikin lita, na Tibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Haƙoran dubban yara suka yi ja, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta tsaya wa iyalan, takwararta ta duniya, FIDH, kuma ta fitar da rahoto a 2002.

Masu cewa maita ce, ko gado, ko allurar rigakafi, sun yi kuskure. Haka masu cewa wani ne ya zuba guba. Sinadarin yana cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ruwa ke narkar da shi. Tafasawa ma ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone.

Zancen da ya fi damuna shi ne wai kamfanin Faransa ne ya nakasa yaran. Sashen ruwa na Vivendi, wanda ya koma Veolia, bai shigo ba sai 2001, lokacin da aka raba kamfanin ruwa na gwamnati, SNE, gida biyu, SPEN da SEEN. A shekarun da ƙashin yaran ke lalacewa, ruwan yana hannun gwamnatinmu. Laifin shi ne an shekara fiye da goma ana sayar wa mutane ruwan da ya kamata awo ya sa a rufe tun da wuri.

Don haka ban yarda da masu cewa dawowar ruwa hannun ƙasa ta kashe bakin tsanya ba. NDE ma sai an sa mata ido. A riƙa auna ruwan kowace rijiya, masu awon su kasance ba ma'aikatan kamfanin ba ne, a kuma liƙa sakamakon a ofishin magajin gari, a karanta shi da Hausa a rediyo domin matan da ke ɗibar ruwan su ji.