Jarrabawar Tarihi Ba Gasar Haddar Shekaru Ba Ce

Yawancin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da ke shirin rubuta tarihi a jarrabawar WAEC ko NECO suna ɗaukar darasin a matsayin hadda. Za ka ga yaro ya cika takarda da shekaru: 1804 jihadi, 1903 zuwan Turawa Kano da Sakkwato, 1914 haɗe Arewa da Kudu, 1960 samun 'yancin kai. Ya bi su ya maimaita har sun zauna daram. Wannan haddar tana da amfani a takardar farko, wato ta zaɓi-ɗaya, inda ake ba ɗalibi amsoshi ya canki daidai. Amma takarda ta biyu, wadda ake rubuta dogon bayani, a nan ne mai hadda zalla yake tsayawa cak.

Dalili kuwa shi ne mai tambaya ba ya cika cewa "yaushe", ya fi son "me ya sa" da "me ya biyo baya". A ɗauki jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sanin cewa Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, an gwabza a Tabkin Kwatto a shekarar, kuma Alkalawa ta faɗi a 1808, duk daidai ne. Sai dai idan aka ce kawo dalilan nasarar jihadin, waɗannan shekaru ba su amsa komai ba. Ana so ɗalibi ya yi maganar koken talakawa da makiyaya kan haraji da jangali, da rashin jituwar sarakunan Hausa da ya hana su haɗa kai, da shekarun da Shehu ya shafe yana wa'azi a Gobir da Zamfara kafin a zare takobi, da rawar da Abdullahi ɗan Fodiyo da Muhammadu Bello suka taka a fagen fama. Kowace hujja a ba ta sakin layinta, a faɗe ta, a bayyana ta, a kafa mata misali. Wanda ya jero kalmomi biyar a layi biyar ba tare da bayani ba, ya bar rabin makinsa a ƙasa.

Haka tsare-tsaren mulki na zamanin Turawa, waɗanda ɗalibai ke kuka da su. Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954. Idan aka haddace su a warwatse sai sun cakuɗe. Idan kuwa aka bi su a matsayin labari ɗaya, kowane yana gyara abin da aka yi ƙorafi a kansa a na baya, sai su tsaya: na Clifford ya kawo zaɓe a Legas da Kalaba kaɗai, na Richards ya kawo majalisun yankuna uku amma ba a yi shawara da 'yan ƙasa sosai ba, na Macpherson ya biyo bayan doguwar tuntuɓa har da taron Ibadan na 1950, na Lyttelton ya tabbatar da tsarin tarayya.

Akwai wata matsala da na ga ta fi damun ɗalibanmu na Arewa. Yaro ya ji labarin Bayajida da Sarauniya Amina da Muhammadu Rumfa tun yana ƙarami, sai ya saki jiki, ya tsallake Oyo da Binin da Igbo-Ukwu da boren matan Aba na 1929. To manhajar ta Najeriya ce baki ɗaya, kuma ba a yi wa kowa alkawarin tambayar garinsu za ta fito ba. Sannan labarin da aka ji a bakin kaka daban, abin da littafin makaranta ya tsara daban. Mai duba takarda da na biyun yake aiki.

Tambayoyin shekarun baya suna nan a kasuwa, amma karanta amsoshinsu kawai yaudarar kai ce. A rufe littafi, a duba agogo, a rubuta amsa cikakkiya da Turanci cikin kusan rabin awa, a kai wa malami ya duba. Ɗalibai da yawa sun san abin a Hausa sarai, hannunsu ne bai saba zuba shi da Turanci cikin lokaci ba, kuma a zauren jarrabawa ba a ƙara wa kowa minti ɗaya.