Na'urar Daidaita Ɗumin Gida: Gano Matsalarta da Sauya Ta

A ƙasashen da hunturu ke tsananta, irin su Kanada da Ingila da arewacin Amurka, akasarin gidaje suna da tukunyar ɗumama ɗakuna mai aiki da gas ko mai ko lantarki. Abin da ke ba tukunyar umarni shi ne wata 'yar na'ura da ake kafawa a bango, wadda ake kira tamostat. Idan ta lalace a tsakiyar hunturu, al'amarin ya wuce na rashin jin daɗi, domin ruwa kan daskare a cikin bututu har ya fasa shi, sanyi kuma kan yi wa tsofaffi da jarirai illa.

Ita dai wannan na'ura ba ta samar da zafi. Makunni ce kawai mai auna yanayin ɗaki. Tun a 1883 wani malami Ba'amurke mai suna Warren Johnson ya yi rajistar irinta mai aiki da lantarki. A cikin tsofaffin samfura akwai falle biyu na ƙarfe mabambanta manne da juna. Da yake ɗaya ya fi ɗaya buɗewa idan ya ji zafi, sai su lanƙwashe su yanke wuta, in sun huce su sake haɗa ta. Irin wannan dabara ce ke sa dutsen guga na lantarki ya riƙa kashe kansa. Samfuran zamani kuwa da ma'auni na lantarki suke aiki.

Sau da yawa akan ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba. Saboda haka kafin a cire ta, ya kamata a duba ko batirinta ya mutu, ko an saita ta ƙasa da ɗumin da ɗakin yake da shi, ko kuma wutar tukunyar ce ta yanke. Mazauninta ma abin lura ne. Wadda rana ke haskawa, ko take kusa da madafa, za ta ɗauka gida ya yi ɗumi alhali mutane na rawar ɗari.

A Amurka, inda yawancin waɗannan na'urori ke aiki da ƙaramar wuta mai ƙarfin bolt 24, akwai gwajin da ke raba gardama. Akan kashe wuta, a haɗa wayar da ke kan harafin R da ta kan harafin W, sannan a mayar da wutar. Idan tukunya ta kama, na'urar ce ta lalace; idan ba ta kama ba, matsalar tana cikin waya ko tukunya, kuma sayen sabuwa asarar kuɗi ce. Wannan gwaji bai dace da gidajen Ingila ba, domin da yawa daga cikinsu wutar gida ce mai bolt 230 ke ratsa na'urar, wadda kan iya kisa. Can aikin na ƙwararren mai gyaran lantarki ne.

Wajen sauyawa, bayan an kashe wuta daga tushe, akan ɗauki hoton wayoyin, a yi wa kowace alama da harafin da aka ciro ta. Dogaro da launin waya kuskure ne, don ba kowane ma'aikaci ne ya bi ƙa'idar launi ba. Akan naɗe wayoyin a jikin fensir don kada su zurma cikin bango, a kuma toshe ramin, saboda iskar da ke fitowa daga ciki kan ruɗi ma'auni. Sababbin samfura masu haɗuwa da intanet sukan buƙaci ƙarin waya mai harafin C, wadda tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita.

Tsohuwar da aka cire ma tana buƙatar kulawa. Da yawansu suna ɗauke da 'yar kwalba mai zaiba, wadda guba ce, don haka jihohi da dama na Amurka suka hana jefa su a shara, sai dai a kai su wuraren da aka tanada don karɓarsu.