Kogon Teku Na Tsibirin Kapri: Ƙofar Da Ba Ta Wuce Mita Ɗaya Ba Amma Tana Ciyar Da Jama'a

A cikin harkokin yawon buɗe ido da ƙasashen bakin Tekun Bahar Rum ke samun kuɗin shiga da su, akwai wani reshe wanda ba a cika ba da labarinsa a ƙasar nan ba, watau ɗaukar baƙi cikin jiragen ruwa a zagaya da su gindin duwatsun gaɓar teku domin su kalli kogwannin da ruwa ya fafe. Ana wannan sana'a a Malta da Girka da Fotugal da Kuroshiya, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ta daɗe, ta kuma samu tsari, shi ne tsibirin Kapri na ƙasar Italiya, inda ake da kogon da Italiyawa ke kira Grotta Azzurra, ma'ana Shuɗin Kogo.

Kapri ɗan ƙaramin tsibiri ne da bai fi murabba'in kilomita 10 da 'yan kai ba, yana kudu da birnin Napoli, kuma jirgin ruwa mai sauri yakan kai mutum can cikin ƙasa da awa guda. Mazauna tsibirin wajen mutum 13,000 ne, a garuruwa biyu, Kapri da Anakapri. Amma a tsakiyar lokacin zafi baƙin da ke sauka a rana guda sukan kai 16,000, watau sun fi masu gida yawa. Mafi yawansu da safe suke zuwa su koma da yamma, kuma abin da ke kan gaba a cikin abubuwan da suke son gani shi ne wannan kogo.

Tsibirin dutse ne irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa da siminti. Irin wannan dutse ruwan sama yakan narkar da shi sannu a hankali, yana bin tsagogi yana faɗaɗa su har su zama ramuka a cikin ƙasa. Ta gefen teku kuma igiyar ruwa tana dukan gindin dutsen dare da rana, tana cusa iska da tsakuwa cikin kowace kafa, har inda ya fi rauni ya rufta ya bar kogo. Aiki ne na dubban shekaru. Shi ya sa ba kowace gaɓa ke da irin wannan arziki ba. Gaɓar tekun Nijeriya, alal misali, mai tsawon kilomita 850 da ɗoriya, yashi ce da fadamu da dazuzzukan bakin ruwa, ba ta da tsaunukan da teku zai fafe.

Shi Shuɗin Kogo yana arewa maso yammacin tsibirin, a yankin Anakapri. Tsawonsa wajen mita 60 ne, faɗinsa kuwa wajen mita 25. Ƙofar da ake shiga ta cikinta faɗinta mita 2 ne, tsayinta daga saman ruwa kuwa bai wuce mita ɗaya ba. A ƙarƙashin wannan 'yar ƙofa akwai wata babbar kafa wadda ke nutse cikin ruwa, kuma ta nan ne yawancin hasken rana ke shiga. Da yake ruwan teku yana shanye jan launin da ke cikin haske ya bar shuɗin ya wuce, hasken da ke isa cikin kogon yana tasowa ne daga ƙasa, shuɗi shar, kamar an kunna fitila a gindin teku. In mutum ya tsoma hannu sai ya gan shi yana ƙyalli kamar azurfa. An fi samun kyawun hasken da tsakar rana, tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2, in babu gajimare.

Ba jiya aka san da kogon ba. Sarkin Rumawa Tiberiyus, wanda ya zauna a Kapri daga shekara ta 27 zuwa ta 37 Miladiyya yana mulkin daularsa daga can, a zamaninsa ne aka ƙawata wurin da gumaka, kuma a 1964 an tsamo waɗansu daga cikinsu a gindin kogon, aka kai su wani gidan tarihi a Anakapri. Bayan shuɗewar Rumawa masunta suka riƙa gudun wurin, suna cewa matattarar aljanu ce. Sai a 1826 wani marubuci Bajamushe mai suna August Kopisch, tare da abokinsa mai zane Ernst Fries, suka shiga ciki bisa jagorancin wani masunci ɗan tsibirin, Angelo Ferraro. Labarin da suka bayar ya bazu a Turai, marubuta suka yi ta ambatonsa, ciki har da Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak a wani littafinsa na 1835. Wannan ita ce tallar da ta mai da gidan aljanu ya zama kasuwa, ba tare da mutanen tsibirin sun kashe ko kwabo ba.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin kasuwanci shi ne yadda aka tsara cinikin. Baƙo yakan sauka a tashar jiragen ruwa ta Marina Grande, ya sayi tikitin jirgi mai inji. Ko dai ya zaɓi wanda zai kai shi bakin kogon kai tsaye ya komo da shi, ko kuma wanda zai zagaya tsibirin baki ɗaya, a nuna masa Farin Kogo da Koren Kogo da dogayen duwatsun nan uku da ake kira Faraglioni, waɗanda mafi tsawonsu ya ɗara mita 100. Ko wanne ya ɗauka, jirgin mai inji ba ya iya shiga Shuɗin Kogo. A bakin ƙofar sai ya tsaya cikin layi, ƙananan kwalekwale na katako su matso su ɗebi fasinjoji, kowane kwalekwale mutum huɗu kawai ban da matuƙi. Daga nan a biya ta wani jirgi da aka girke kan ruwa, wanda shi ne ofishin sayar da tikiti, a biya kuɗin shiga. A 2024 kuɗin ya kasance Yuro 18 kowane mutum, wani kaso na matuƙan kwalekwale ne, wani kuma na hukuma, domin kogon yana cikin wuraren tarihi da ke hannun gwamnatin Italiya. Wanda ba ya son jirgi mai inji yana iya shiga bas daga Anakapri ya gangara ta matakala zuwa bakin ruwa, amma duk da haka sai ya hau kwalekwalen.

Shigar kanta abin kallo ce. Matuƙin yakan umurci fasinjoji su kwanta rigingine a cikin kwalekwalen, ya jira igiyar ruwa ta sauka, sa'an nan ya ajiye filafilai ya kama wata sarƙa da aka kafe a jikin dutsen, ya ja da ƙarfi shi ma yana kwantawa, su faɗa ciki. Zaman da ake yi a ciki bai wuce minti biyar ba. Matuƙan sukan rera waƙoƙin mutanen Napoli domin a ji amsa-kuwwar kogon, kuma kowa ya san ana sa ran ɗan hasafi a ƙarshe. An hana yin iyo a ciki, saboda igiyar ruwa tana iya maka mutum da dutse a wannan matsattsiyar ƙofa.

To, a nan ne darasin tattalin arzikin yake. A yawancin sana'o'i in masu saye suka yawaita sai mai kaya ya ƙara jari, ya buɗe sabon reshe, ya sayo manyan injuna. A wannan kogo ba dama. Ƙofa ɗaya ce, ta nan ake shiga ta nan ake fita, kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce kwalekwale ɗaya a lokaci guda. Sawu ɗaya na mutum huɗu, bisa farashin 2024, Yuro 72 ke nan, kuma iyakar yawan sawun da za a yi a yini ƙofar ce ke yanke shi, ba yawan masu jira ba. Saboda haka ƙaruwar baƙi ba ta haifar da ƙarin kaya, sai dai tsawon layi da hauhawar farashi. A ranakun cunkoso mutum yakan shafe awa guda ko fiye yana lilo a kan ruwa cikin rana domin kallon minti biyar.

Wannan ƙuncin ƙofa kuma shi ne ya kare ƙananan matuƙa daga manyan 'yan jari. Kamfanin da ya mallaki jirgi mai ɗaukar mutum ɗari, komai ƙarfinsa, dole ya tsaya a waje ya miƙa fasinjojinsa ga mai kwalekwalen katako. Matuƙan sun haɗu cikin ƙungiyar haɗin gwiwa, kuma a gidaje da yawa sana'ar ta zama ta gado. A ganinmu wannan ne ya sa kuɗin kogon ke tsayawa a tsibirin fiye da yadda ake gani a wuraren shaƙatawa da dama, inda kamfanin da ya kawo baƙo shi ke kwashe ribar, 'yan gari su tashi da sayar da ruwan sha da hulunan rana. Sai dai ba a rasa masu ƙorafi, domin baƙon da ya biya jirgi mai inji, ya biya kwalekwale, ya biya hukuma, ya kuma ba da hasafi, yakan ji kamar an tatse shi sau huɗu a kan abu guda.

Haɗarin sana'ar kuwa ba ƙarami ba ne, kuma mafi yawansa daga teku yake. Da zarar iska ta taso ruwa ya ɗan yi tsalle, ƙofar mai mita ɗaya ta toshe, sai a rufe kogon, ko da kuwa rana tana haske garau. Matuƙan ne ke zuwa da safe su duba yanayin ruwa su yanke shawara. A lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, ranakun rufewa sukan fi na buɗewa yawa, saboda haka abin da aka samu cikin watannin zafi shi ne zai riƙe gida har shekara ta zagayo. Masu jiragen inji sun koyi kare kansu ta hanyar raba tikitinsu da na kogon: abin da suka sayar wa baƙo shi ne tafiya, ba shiga ba, in an tarar a rufe sai a wuce da shi sauran wurare. Duk mai niyyar zuwa, ko mai shirya wa waɗansu tafiya, ya kamata ya fahimci wannan sharaɗi tun kafin ya biya kuɗi. Akwai kuma haɗarin da mutane ke jawowa: a watan Agusta na 2009 an rufe kogon na ɗan lokaci a tsakiyar kakar ciniki saboda gurɓatar ruwa, a 2020 kuwa annobar korona ta tsai da komai cik.

Hukumomin tsibirin su ma suna da nasu lissafin. Baƙon yini guda yana amfani da hanya da ruwa da bas, yana barin shara, amma ba ya kwana a otal balle ya biya harajin kwana. Domin haka ake karɓar kuɗin sauka daga kowane baƙo, ana haɗa shi da tikitin jirgin da ya kawo shi, kuma a 2024 aka ninka shi daga Yuro 2.50 zuwa Yuro 5 a tsakanin watannin Afrilu da Oktoba. A watan Yuni na wannan shekarar ta 2024 aka ga iyakar abin da tsibirin zai iya ɗauka, sa'ad da ruwan famfo da ake turowa daga babban yankin Italiya ya yanke, magajin garin Kapri ya hana saukar baƙi na waɗansu sa'o'i har aka gyara.

Sauran ƙasashen da ke wannan sana'a ba su samu ƙofar da za ta yi musu aikin mai gadi ba, sai da suka nemi doka. Kogon Benagil da ke yankin Algarve a kudancin Fotugal yana da faffaɗan baki da rairayi a ciki da wata kafa a rufinsa wadda rana ke leƙowa ta cikinta. Hotunansa sun yaɗu a intanet, jama'a suka yi masa ca da jiragen inji da ƙananan kwalekwale da masu iyo, duk a wuri guda, har abin ya zama barazana ga rayuka. A watan Agusta na 2024 hukumomin ruwa na ƙasar suka hana shiga kogon da iyo, suka hana sauka a rairayin da ke ciki, suka wajabta wa masu ƙananan kwalekwale tafiya da ɗan jagora, suka kuma ƙayyade lokacin da kowane jirgi zai yi a ciki. Masu ba da hayar kwalekwale ga duk wanda ya zo su ne dokar ta fi shafa, kamfanonin da ke da lasisi da 'yan jagora kuwa suka samu kasuwar.

A Malta kuma abin da ya faru ya fi wannan tsanani. A tsibirin Gozo akwai wata gadar dutse da teku ya huda, wadda ake kira Shuɗiyar Taga, masu kwalekwalen yankin Dwejra suna kai baƙi kallonta ta cikin wani rami da ya ratsa dutse zuwa teku. A ranar 8 ga Maris, 2017, guguwa ta rushe ta baki ɗaya ta nutse cikin ruwa. Masu kwalekwalen sun ci gaba da ɗaukar baƙi ta cikin ramin zuwa sauran kogwannin yankin, suna nuna musu da hannu inda gadar take a da.