Ko ka sani? Tsohuwar kwamfuta na iya zama sinimar gida

Tsohuwar kwamfutar nan da ke shan ƙura a bayan ƙofa tana iya zama rumbun bidiyon gida gaba ɗaya. A zuba mata bidiyon biki da na suna, da tafsirin azumi, da fina-finan da aka tara shekara da shekaru, a ɗora mata manhaja guda, a haɗa ta da na'urar Wi-Fi. Shi ke nan, maigida na kallo a talabijin, uwargida a waya, yara a tasu na'urar, kowa da zaɓinsa. Muddin ana cikin gidan, bidiyon ba ya bi ta intanet, don haka ba ya cin data. Kwamfutar da ke wannan hidima ita ake kira saba.

Manhajojin da suka yi suna a wannan aiki huɗu ne, kuma daga gida biyu suka fito. A 2002 wasu masu sha'awa suka ƙera manhajar kallon bidiyo a na'urar wasan Xbox. Ita ta zama XBMC, a 2014 aka raɗa mata suna Kodi. Daga jikinta Plex ta ɓalle, ta ɗauki wannan suna a 2008. Ɗaya gidan na Emby ne. A 2018 masu ita suka rufe rubutun manhajar, wanda a da kowa ke iya gani ya gyara. Wasu 'yan sa-kai ba su ji daɗi ba, suka ɗauki na ƙarshen da aka bari a buɗe, suka fito da Jellyfin a Disambar shekarar. Kodi dai a ajiye ta gefe: gwanar kunna bidiyo ce a talabijin ɗaya, rarrabawa ba ita ce sana'arta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauya fasalin bidiyo. Fim na iya zuwa a tsarin H.265, alhali talabijin ɗin H.264 kawai ya sani. Dole sabar ta warware fim ɗin ta sake ɗinke shi nan take, kai kuma kana zaune kana kallo. Aiki ne mai nauyi. Kwamfuta mai rauni sai fankarta ta hau kuka, hoto ya riƙa tsayawa daidai inda labari ya yi daɗi. Tun 2011 kamfanin Intel ke sanya wani sashe mai suna Quick Sync a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da yake ƙerawa domin irin wannan aiki, kuma yana yinsa ba tare da cin wuta sosai ba, abin da mai dogaro da sola ko janareta ba zai raina ba. Sai dai Plex da Emby ba sa buɗe maka wannan sashe sai ka biya. A Jellyfin kyauta ne.

Plex ta fi sauƙin girkawa, kuma da wuya ka sami talabijin na zamani da ba ya karɓarta. Amma tana son ka buɗe asusu a kamfaninta, kuma idan ba ka riga ka saita ta ba, ranar da intanet ya ɗauke tana iya hana ka shiga rumbun da ke ɗakinka. A Afrilun 2025 kamfanin ya ɗaga kuɗin rajistar dindindin daga kusan dala 120 zuwa kusan 250, kallo daga wajen gida ma ya koma na kuɗi. Jellyfin tana ajiye asusun kowa a cikin sabar, ba ruwanta da wani kamfani, ko da yake sai ka ɗan yi gumi wajen saita ta. Ni dai ita zan zaɓa wa gidan da intanet ke zuwa yana komawa.

Duk wadda ka ɗauka, aikin da zai fi cin lokacinka shi ne gyaran sunaye. Manhajar na duba sunan fayil ne ta nemo fasta da bayani a rumbuna irin su TMDB. Rubuta "Sholay (1975)", nan da nan hoton Amitabh Bachchan da Dharmendra zai bayyana. Bar shi yadda mai tura fina-finai ya ba ka, "sabon fassara 3", sai ta maƙala masa fastar wani fim da ba ka taɓa ji ba. Fina-finan Kannywood da yawa kuwa, da bidiyon bikin ƙanwarka, da hannu za ka rubuta musu bayani, ka zaɓar musu hoto.